Tarihin Henry Oldenburg, Editan da Ya Yaƙi Satar Fasaha

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba mujallun ilmi zai lura da waɗansu abubuwa da ba a raba maƙala da su. Akwai sunan marubuci a sama, akwai ranar da maƙalar ta iso hannun edita, sa'an nan akwai sunayen waɗanda marubucin ya ɗebi wani abu daga ayyukansu. Sau da yawa mai karatu yakan tsallake waɗannan abubuwa don ɗokin ya kai ga gundarin magana, alhali kuwa su ne katangar da ta tsare haƙƙin mai fasaha daga ɓarayin zaune. Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ya aza harsashin wannan katanga, watau Henry Oldenburg, Bajamushen da ya zama magatakardan ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, ya kuma kafa mujallar kimiyya wadda ta fi kowace daɗewa ana buga ta a duniya. Shi kansa bai gano wani sabon abu a kimiyya ba. Aikinsa shi ne riƙon amanar abin da waɗansu suka gano, kuma a wannan aiki ya sami yabo, ya sha zargi, har ya kwana a kurkuku.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Oldenburg a birnin Bremen da ke arewacin ƙasar Jamus wajen shekarar 1619, daidai lokacin da yaƙin nan na shekara talatin ya fara cin ƙasashen Turai. Sunan da aka raɗa masa shi ne Heinrich, sunan mahaifinsa ke nan, sai da ya zauna a Ingila aka mai da shi Henry. Mahaifin nasa malami ne a babbar makarantar birnin, saboda haka yaron ya tashi cikin littattafai. Ya karanci Latin, wanda shi ne harshen malamai a Turai a wancan zamani, ya kuma zurfafa a ilmin addinin Kirista har ya sami digiri a kansa cikin shekarar 1639.

Bayan ya gama makaranta bai zama limamin coci ba. Sai ya shiga sana'ar koyar da 'ya'yan manya a gidajensu da yi musu rakiya zuwa ƙasashe don su buɗe ido. Wannan yawo ya ba shi dukiyar da ta amfane shi har ƙarshen ransa, watau harsuna da sanin mutane. Ban da Jamusanci da Latin, ya iya Faransanci da Italiyanci da Ingilishi, har mawaƙin nan John Milton ya yaba da yadda yake sarrafa Ingilishi duk da yake ba harshen uwarsa ba ne.

Zuwansa Ingila

A shekarar 1653 hukumar birnin Bremen ta aike shi jakada wurin Oliver Cromwell, wanda yake riƙe da mulkin Ingila bayan an kashe sarki. Ingila da Holan suna yaƙi a teku, mutanen Bremen kuwa 'yan kasuwa ne, suna so a bar jiragensu su wuce lafiya tun da ba ruwansu da faɗan. Da aikin jakadanci ya ƙare sai Oldenburg ya yi zamansa a Ingila. Ya sami aikin koyar da wani saurayi mai suna Richard Jones, wanda mahaifiyarsa yayar Robert Boyle ce, mashahurin masanin kimiyyar nan. Ta wannan hanya ya haɗu da Boyle, suka ƙulla abuta wadda ba ta yanke ba sai da mutuwa ta raba.

Ya zauna tare da ɗalibinsa a Oxford cikin 1656, inda ya riƙa halartar zaman da Boyle da abokansa suke yi don gwaje-gwaje. Daga 1657 zuwa 1660 suka zaga Faransa da Jamus, duk garin da suka sauka sai Oldenburg ya nemi masanan wurin, ya ga abin da suke yi, ya karɓi adireshinsu. A 1661 ma ya ziyarci masanin falsafa Spinoza a ƙauyen Rijnsburg na ƙasar Holan, suka ci gaba da musayar wasiƙu shekara da shekaru.

Halin da Masana Suke Ciki

Kafin a fahimci girman aikin Oldenburg, ya kamata a san irin halin da masana suke ciki a ƙarni na 17. Idan mutum ya gano wani sabon abu, hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya jira sai ya rubuta cikakken littafi, wanda zai ci shekaru da kuɗi masu yawa, wani kuma yana iya riga shi kafin ya gama, ko kuwa ya rubuta wa abokinsa wasiƙa. Wasiƙa kuwa idan ta bar hannun mai ita ba ta da linzami. Wannan ya kwafa ya ba wancan, kafin a ankara sai a ga maganar ta fito a littafin wani da sunansa, ba kuma dokar da za ta ƙwato wa mai ita haƙƙinsa, gama dokar farko ta haƙƙin marubuta a Ingila sai a 1710 aka kafa ta.

Saboda wannan tsoro masana suka koma ɓoye abin da suka sani. Waɗansu suka ƙago wata dabara: sai mutum ya rubuta abin da ya gano cikin jimla guda, ya hargitsa haruffanta yadda ba mai iya karantawa, ya aika wa abokan aikinsa. Idan daga baya wani ya ce shi ya fara ganowa, sai ya warware haruffan ya nuna ya riga shi. Galileo ya yi haka a 1610 game da abin da ya hango a jikin taurari, har Kepler ya yi ta fama da haruffan ya fito da wata ma'ana dabam wadda Galileo bai nufa ba. Huygens na Holan ma ya yi haka a 1656 game da zoben da ke kewaye da tauraron Zuhal. Wannan dabara tana tsare suna, amma ba ta amfanar kowa da ilmi, ta zama kamar a kulle hatsi a rumbu a jefa mabuɗi a rijiya.

Magatakardan Ƙungiya

Ran 28 ga Nuwamba 1660 waɗansu masana goma sha biyu suka taru a Kwalejin Gresham ta Landan suka yanke shawarar kafa ƙungiyar binciken halittu ta hanyar gwaji. A 1662 Sarki Charles na Biyu ya ba ta takardar amincewa, aka san ta da sunan Royal Society, watau Ƙungiyar Sarki. Aka naɗa magatakarda biyu, John Wilkins da Oldenburg, amma nauyin aikin a wuyan Oldenburg ya sauka. Shi ke rubuta abin da aka tattauna a kowane zama, shi ke karɓar wasiƙu daga ƙasashen waje, ya fassara su, ya karanta wa jama'a, ya mai da amsa. Shekaru da dama yana wannan aiki ba albashi, sai wajen 1669 aka yanka masa fam 40 a shekara.

Boyle yana cikin waɗanda suka fi kowa kukan ana ɗebe musu aiki ba a ambace su ba. A ƙarshen 1664 shi da Oldenburg suka yi musayar wasiƙu a kan wannan matsala, inda Oldenburg ya bayyana maganin da ya hango. Maganin shi ne, duk wani sabon abu da aka kawo wa ƙungiya, a rubuta a kundi sunan wanda ya kawo shi da ranar da ya kawo, don kada girman ya kuɓuce masa har bayan ransa. A ganinsa idan masana suka tabbata akwai wurin da ake ajiye musu shaida, za su daina ɓoyo, su riƙa fito da abin da suka sani. Wanda kuma bai gama bincikensa ba yana iya kawo takardarsa a hatimce a ajiye masa, kamar yadda Boyle kansa ya yi.

Kafa Mujalla

Kundin ƙungiya 'yan ƙungiya kaɗai ke ganinsa. Don haka Oldenburg ya ga ya kamata a fito da shaidar fili, inda duniya za ta gani. A watan Janairu 1665 wata mujalla mai suna Journal des sçavans ta fara fitowa a birnin Faris, mafi yawan abin da ke cikinta sharhin littattafai ne. Bayan wata biyu, ran Litinin 6 ga Maris 1665, Oldenburg ya fitar da tasa mai suna Philosophical Transactions. Fitowar farko shafi 16 ce, a ciki akwai labarin wani tabo da Robert Hooke ya hango a jikin tauraron Mushtari, da bayanin wani ɗan maraƙi da aka haifa da nakasa, da labarin kamun manyan kifayen teku a kusa da tsibiran Bermuda, da ta'aziyyar masanin lissafi Fermat.

Majalisar ƙungiya ta ba da umurni a riƙa fitar da mujallar Litinin ta farkon kowane wata, kuma kafin a ba da izinin bugawa sai waɗansu daga cikin 'yan majalisar sun duba ta. Masu tarihi da yawa suna ganin a nan ne aka shuka irin al'adar nan ta ba masana maƙala su tantance kafin a buga, ko da yake sai bayan shekaru masu yawa ta kai matsayin da aka san ta da shi a yau. Mujallar ba ta ƙungiya ba ce, ta Oldenburg ce, riba tasa hasara tasa. Ya sa rai za ta ɗauke masa ɗawainiyar gida, amma abin da take kawowa da ƙyar yake biyan kuɗin hayar gidansa da ke titin Pall Mall.

Tsarin da ya bi mai sauƙi ne. Idan wasiƙa ta iso sai ya rubuta ranar isowarta, ya karanta ta a zaman ƙungiya a gaban shaidu, a shigar da ita kundi, sa'an nan a buga ta da sunan mai ita. Idan ya san wani yana bincike a kan abu guda sai ya sanar da kowane ɓangare, ya kuma matsa wa mai jinkiri ya fito da nasa tun ba a riga shi ba. Da wannan amana ya jawo hankalin masana na nesa. Malpighi na Italiya ya aiko da bincikensa a kan tsutsar siliki, aka buga a Landan a 1669. Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft wanda bai iya Latin ba, ya fara aiko da wasiƙunsa a 1673, Oldenburg yana fassarawa yana bugawa, har duniya ta san shi ne ya fara ganin ƙananan halittun da ido ba ya gani a cikin ɗigon ruwa.

Annoba da Gobara da Kurkuku

Mujalla ba ta yi wata huɗu ba sai annoba ta faɗa wa Landan, mutane suka yi ta mutuwa dubbai. 'Yan ƙungiya suka watse, aka mai da aikin ɗab'i Oxford, amma Oldenburg ya zauna a birni yana tsaron takardu. A shekarar ce kuma matarsa ta fari, Dorothy West, ta rasu. A watan Satumba 1666 babbar gobara ta cinye tsakiyar birnin, ta haɗa da kayan masu buga masa mujalla.

Abin da ya fi waɗannan zafi shi ne na 1667. Ingila da Holan sun sake komawa yaƙi, a watan Yuni jiragen Holan suka kutsa kogin Medway suka ƙone jiragen yaƙin Ingila. Hukuma ta shiga neman wanda za ta ɗora wa laifi, ga kuwa baƙo wanda kullum wasiƙu ke zuwar masa daga ƙasashen waje. Aka kama shi aka kulle a Hasumiyar Landan bisa zaton yana aika wa abokan gaba asirin ƙasa. Ya yi wajen wata biyu a tsare, ba a same shi da laifi ba, aka sake shi a ƙarshen Agusta. Wasiƙunsa na waje sukan zo da sunan Grubendol, wanda haruffan sunansa ne aka jujjuya, suna bi ta ofishin gwamnati, shi kuma yana ba jami'ai labaran siyasar da ke ciki.

Rigimar Ƙarin Jini

Yana fitowa daga kurkuku ya tarar da wata matsala tana jiransa. Tun kafin wannan lokaci wani likita na Oxford, Richard Lower, ya yi nasarar ɗebe jinin wani kare ya zuba wa wani, aka buga bayanin a mujallar a ƙarshen 1666. A watan Yuni 1667 sai wani likita na Faris, Jean Denis, ya zuba wa wani yaro jinin ɗan rago, ya rubuta wasiƙa yana nuna cewa tun wajen shekara goma da suka wuce aka fara kawo wannan shawara a Faransa. Sa'ad da Oldenburg yake tsare, sai aka fassara wasiƙar aka buga ta a Landan tamkar ita ce fitowa ta 27 ta mujallarsa.

Oldenburg ya ƙi amincewa da wannan fitowa. Ya fitar da wata ta 27 ɗin a madadinta, ya sanar da masu karatu cewa waccan ba da saninsa aka yi ta ba, sa'an nan ya jero ranakun da aka yi gwaje-gwajen Ingila kamar yadda suke a rubuce. Babu shakka akwai kishin ƙasar da ta karɓe shi a cikin lamarin, amma da ranaku da takardu ya yi gardama, su ne kuma suka raba faɗan: Ingila ta riga a kan dabbobi, Faransa ta riga a kan ɗan Adam. Wannan ya nuna tun farkon tarihin mujallu cewa edita yana da iko, kuma wajibi ne a kansa, ya janye abin da aka buga ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma faɗa wa masu karatu dalili.

Saurayi Leibniz da Zargin Sata

A farkon 1673 wani saurayi Bajamushe mai suna Leibniz ya zo Landan da injin lissafi da ya ƙera. Wata rana a gidan Boyle ya bayyana wata hanyar lissafi da ya ce shi ya gano ta, sai wani dattijon masani, John Pell, ya ce ai wannan tana cikin littafin Gabriel Mouton da aka buga a Faransa a 1670. Kunya ta rufe saurayin. Ya nemi littafin ya duba, ya ga lalle maganar Pell gaskiya ce. Abin da aka yi don wanke shi abin koyi ne. Leibniz ya zauna ya rubuta bayanin yadda ya kai ga sakamakon da kansa ba tare da ya taɓa ganin littafin ba, ya miƙa wa Oldenburg ya ajiye a takardun ƙungiya. Bayan wata biyu aka zaɓe shi ɗan ƙungiya. Ke nan an bambanta wanda ya yi sata da wanda ya yi kiciɓis da abin da wani ya riga shi ganowa, an kuma ba wanda ake zargi damar kare kansa a rubuce kafin a yanke masa hukunci.

Rigimar Agogo

Jarrabawar da ta fi girgiza Oldenburg ita ce ta 1675, don a wannan karo shi aka tuhuma. Agogunan aljihu na lokacin ba sa riƙe lokaci daidai. A watan Janairu na shekarar Huygens ya gano cewa idan aka ɗaura wani siririn ƙarfe mai naɗi kamar gammo a jikin ƙafar da ke kaɗawa cikin agogo, zai daidaita bugunta. Nan da nan ya aiko wa Oldenburg da hargitsattsun haruffa, a watan Fabrairu ya warware su. Sai kuma ya yi wa Oldenburg tayin ya nemi takardar mallakar wannan fasaha a Ingila, ya ci amfaninta.

Da Robert Hooke ya ji, sai ya tashi da faɗa. Hooke shi ne mai gudanar da gwaje-gwajen ƙungiya, mutum ne mai basira ƙwarai, amma yakan fara abu bai ƙarasa ba. Ya ce shi ya ƙago wannan dabara shekaru da yawa da suka wuce, ya kuma nuna ta a zaman ƙungiya, Oldenburg ne ya ƙi rubutawa a kundi, ya tsegunta wa Huygens don ya sami rabonsa. Bai tsaya a baki ba, ya buga zargin a ƙarshen littattafansa biyu, yana kwatanta magatakarda da ɗan leƙen asiri mai cinikin labarai. Oldenburg ya mai da martani a mujallarsa cewa Hooke bai taɓa buga bayanin agogon ba, kuma waɗanda ya ƙera ba su yi aiki ba. A watan Nuwamba 1676 majalisar ƙungiya ta goyi bayan magatakardanta, ta bayyana cewa ya riƙe aikinsa da gaskiya.

Magana ba ta ƙare a nan ba. A shekarar 2006 aka tsinci wani ƙunshin takardun Hooke a cikin kabad a wani gida a gundumar Hampshire, ƙungiyar ta saye shi. A ciki akwai wata takarda daga rubutun farko na zaman watan Yuni 1670, wadda ta nuna lalle Hooke ya kawo wani sabon agogon aljihu a gaban ƙungiya, ga shi kuwa bayanin bai shiga babban kundi ba. Wannan bai tabbatar da cewa Huygens ya yi sata ba, masu tarihi sun yarda da kansa ya gano tasa dabarar, kuma tasa ce ta yi aiki. Amma ya nuna kukan Hooke yana da tushe. Kuskuren Oldenburg a fili yake: ya yarda a ba shi rabo a cikin abin da shi ne mai ajiye shaidarsa. Ko da hannunsa tsarkakakke ne, daga ranar da alƙali ya sami rabo a gonar da ake shari'a a kanta, hukuncinsa ya rasa daraja a idon wanda aka kayar.

Tsakaninsa da Newton

Oldenburg ne ya fito da Isaac Newton fili. A watan Fabrairu 1672 ya buga maƙalarsa ta farko, wadda ta nuna cewa farin haske gamayyar launuka ne. Suka ya yi ta zuwa daga Hooke da Huygens da waɗansu, Oldenburg yana miƙa wa Newton yana buga amsoshinsa. Newton mutum ne da ba ya son gardama, har a 1673 ya nemi fita daga ƙungiya, sai da Oldenburg ya lallashe shi. A ƙarshen 1675 Hooke ya ce jigon wata sabuwar maƙalar Newton daga littafinsa Micrographia aka ɗauko shi. Oldenburg ya kai wa Newton wannan magana, kuma masu tarihi da dama suna ganin yadda ya kai ta ya ƙara wa wutar mai, tun da a lokacin yana cikin rigimar agogo da Hooke.

A 1676 Newton ya rubuta wa Leibniz dogayen wasiƙu biyu a kan lissafi, ɗaya a Yuni ɗaya a Oktoba, duka ta hannun Oldenburg, ya ɓoye jigon hanyarsa cikin hargitsattsun haruffa. Newton ya gano reshen lissafin da ake kira kalkulas tun wajen 1666 amma ya ƙi bugawa, Leibniz kuwa ya buga nasa a wata mujalla ta Leipzig a 1684. Daga baya aka zargi Leibniz da sata, a 1712 ƙungiya ta kafa kwamitin bincike, aka tono wasiƙun da Oldenburg ya adana. Sai dai Newton ne shugaban ƙungiya a lokacin, shi ne kuma ya tsara rahoton a ɓoye, aka ba shi gaskiya. A yau masana sun haɗu a kan cewa kowannensu da kansa ya gano. Da Newton ya bi hanyar da Oldenburg ya shimfiɗa ya buga aikinsa da wuri, da wannan rigima ba ta taso ba.

Iyalinsa da Rasuwarsa

A 1668 Oldenburg ya auri Dora Katherina, 'yar abokinsa John Dury, suka haifi 'ya'ya biyu, Rupert da Sophia. Ya ci gaba da aiki ba hutu, yana fassara littattafan Boyle zuwa Latin don ƙarin abin masarufi, har ya fitar da mujallarsa sau 136. Ya rasu ran 5 ga Satumba 1677 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne shi a Bexley cikin gundumar Kent. Matarsa ta bi shi a cikin watan, suka bar marayu ƙanana. Hooke, abokin hamayyarsa, yana cikin waɗanda suka gaji kujerarsa. Mujallar ta yi 'yan shekaru tana tangaɗi, ta tsaya, ta dawo a 1683, a 1752 kuma ƙungiya ta karɓe ta ta zama tata. Wasiƙunsa da suka tsira sun haura 3,000, waɗanda A. Rupert Hall da Marie Boas Hall suka tattara cikin mujalladi 13 tsakanin 1965 da 1986.

Kammalawa

Kayan aiki sun sake tun bayan Oldenburg. A 1832 ƙungiyarsa ta fara neman rubutaccen rahoto daga masu tantance maƙala. A 1997 waɗansu editocin mujallun likitanci a Ingila suka kafa kwamitin ɗa'ar ɗab'i da ake kira COPE, wanda yake ba editoci shawara a kan yadda za su bi da zargin satar fasaha. Daga 2008 kuma manyan kamfanonin ɗab'i suka fara amfani da kwamfuta wajen gwada sabuwar maƙala da miliyoyin waɗanda aka riga aka buga. Duk da haka matakan ba su wuce waɗanda aka gani a rayuwar wannan bawan Allah ba. A rubuta suna da rana, a adana takardu, a ji ta bakin wanda ake zargi, a janye abin da aka buga bisa kuskure a kuma bayyana dalili, sa'an nan mai rabo a cikin magana kada ya zama alƙalinta.

Kwamfuta tana iya nuna jimlolin da suka yi kama da juna, amma ba ta san wanda ya yi sata da gangan da wanda ya yi kiciɓis ba, wannan hukunci yana hannun edita har gobe. Saboda haka ɗalibin da yake aika maƙala ga mujalla, da wanda aka damƙa wa aikin tace ta, kowannensu yana ɗauke da wani kaso na amanar da Oldenburg ya ɗauka. Na farko ya jingina kowace magana ga mai ita, ko daga littafi ya samo ta ko daga bakin wani dattijo da ya yi hira da shi. Na biyu kuma ya tsare abin da aka ba shi ajiya, kada ya ci daga ciki, kada kuma ya bar son wani ko ƙin wani ya shiga tsakaninsa da kundinsa.